Yadda Na Yi Wa Kamfanin Buta Zaure

Duk wanda ya taɓa zama a ofis a Sharada ko Challawa ko Bompai, ya danna kwamfuta ta amsa masa, to ya yi mini addu'a, ko ya san ni ko bai san ni ba. Sunana Sabo, amma a can Sabo Kebul ake ce mini. Wayar da na ja a rufin masana'antun nan, da za a ƙulla ta wuri guda, za ta je Makka ta dawo, har a samu ragowar igiyar shanya. Ɓerayen silin ɗin Bompai sun san takuna. In na leƙa da tocila, manyansu gaishe ni suke yi, ƙananan su matsa mini hanya. Kuma tunda nake, ban taɓa haɗa netwok ya ba ni kunya ba. Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Na zauna rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke zuwa shagona da takardar kwas a leda, kuna cewa aikin netwok ai ba wani abu ba ne: a soka waya a rami, fitila ta yi kore, a karkaɗe riga a tafi. Haka ni ma na ɗauka ranar da kawuna ya kai ni wurin Oga Bitrus.

Oga Bitrus mutumin Kafanchan ne, shagonsa yana Bompai, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Aikin farko da ya ba ni shi ne matse kan waya. A cikin kebul akwai 'yan siraran wayoyi masu launi, kowace da mazauninta, sai ka jera su daidai ka tura cikin kan roba ka matse da filaya. Damina ta zo ta wuce ban taɓa kwamfuta ba, ina nan ina jera fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore. In na matse, ya sa a testa, fitila ɗaya ta ƙi kamawa, ba ya faɗa. Almakashi zai sa ya datse kan, ya miƙo mini.

"Sabo, waya ba ta ƙarya," in ji shi. "Mai matse ta ne maƙaryaci."

Kawunan da ya datse mini, da ana dasa su, da yanzu ina da gona. A wurinsa na san kayan aiki: filaya, testa, tsani, tef da maka, wato alƙalami mai kauri, na rubuta wa kowace waya inda ta fito, da wata 'yar shuɗiyar waya da ake soka wa suwic, wato akwatin da wayoyin netwok suke haɗuwa, kai tsaye in ya rufe ƙofofinsa ya ƙi magana da kowa. Wannan shuɗiyar har yau tana jakata, ko ɗaurin aure zan je. Abu na biyu da ya dasa mini shi ne ajiye saiti. Suwic yana riƙe abin da ka gaya masa a ka ne kawai, sai ka umarce shi ya adana. Oga yakan ce wutar Kano ba ta sallama in za ta tafi, don haka ka adana kafin ka yi numfashi.

Shekarar kullen korona ita ce muguwar shekararmu. Masana'antu suka ja get suka sa kwaɗo, filayata ta yi tsatsa, ni da nake saita rawuta, na'urar raba intanet, na koma gyaran fanka da tocila a ƙofar gidana a Na'ibawa. Lokacin na daɗe da buɗe shagona, amma Oga Bitrus bai manta da ni ba. In ya samu ɗan aiki a wani asibiti ko kantin magani, sai ya kira ni mu raba, ko da aikin na mutum ɗaya ne. Allah ya saka masa. Da aka buɗe gari kuwa, sai kowane mai kamfani ya ce kyamara yake so, ya riƙa ganin kayansa ta waya. Abinci ya dawo, har ya taru a tumbina, ga shi nan ina ɗauke da shi.

Aikin da nake son ba ku labari a kamfanin Alhaji Mamuda ne a Sharada, inda ake yin buta da bokiti da kofin roba. Ba babba ba ne: ɗakin injina, sito, ofis a bene, sai get. Wanda ya fara haɗa musu netwok ya zuba komai a suwic guda, irin na araha wanda ba a saita shi. Kwamfutocin ofis, firinta, kyamarori, waifai, duk a tukunya ɗaya. Lambar sirrin waifai kuwa, mai shayin layin ya san ta, 'yan adaidaita sun san ta, awakin unguwar ma rashin waya ne ya hana su.

Wata safiya Madam Rahila, akantar kamfanin, 'yar Pankshin, tana zaune tana aikinta, sai firinta ta yi tari ta tashi da kanta. Takarda ta fito, sai ga jaririya cikin zani. Ta sake fitowa, jaririya. Kafin Madam ta zare wayar wuta, jarirai sun cika ofis kamar asibitin haihuwa. Da aka bincika, ashe Isuhu ne, wani mai aikin injin buta, mutumin Tasawa a Nijar. Matarsa ta haihu a gida, aka turo masa hoto. Yana bakin get yana son ya buɗa hoton ya ga fuskar da kyau, babban yatsansa ya yi ta taɓa abin da bai sani ba.

Aka kira ni. Na tarar da Alhaji a bakin get, a kan wani benci da aka shimfiɗa wa darduma a ƙarƙashin darbejiya, waya biyu a gefensa, flas ɗin shayi a ƙasa. Isuhu yana tsugune can gefe, hula a hannu.

"Malam Sabo, tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Alhaji. "Wayar da ta iya ba firintata umarni daga nan, za ta iya leƙa kwamfutar Rahila?"

"In mai wayar ya san hanya, za ta iya, ranka ya daɗe."

"To a yanke. Daga yau waifai na ofis ne kaɗai. Kowa ya sayi datarsa."

Na ga ma'aikatan da ke tsaye sun dubi juna. Yawancinsu daga ƙauyukan Jigawa da Nijar suke, kuma wannan waifai na bakin get shi ne hanyarsu ta gida. In an tashi daga aiki, nan suke jeruwa jikin katanga, kowa ya manna waya a kunne yana gaida tsohuwarsa. Kiran Nijar da kati kuwa, kafin ka gama sallama ya cinye ka.

Isuhu ya ɗan matso. "Alhaji, ku yi haƙuri, laifina ne ni kaɗai. In hukunci ne a yi mini. Amma Litinin ne suna. Ƙanena ya ce zai hau babur ya je inda ake samun sabis, ya kira ni da hantsi in ga jama'a."

"Isuhu, ba korar ka zan yi ba. Amma gidan da kowa zai faɗo har ɗaka ba gida ba ne."

Nan ne bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an kori kowa ba. Akwai abin da ake kira VLAN."

"Filan me?"

"Filan ɗin gida, ranka ya daɗe. Yanzu kamfaninku fili ne ba katanga. Ni kuma zan gina muku zaure, in gina cikin gida, in gina rumbu. Baƙo ya zauna a zaure ya sha ruwa, amma in ya ɗaga ƙafa zai wuce, sai ya ci karo da 'ba shiga'."

"Da siminti?"

"Ko bulo ɗaya ba za a saya ba. Suwic kawai za a canza."

Alhaji ya kurɓi shayi, ya daɗe yana kallona. "Na ba ka zuwa Litinin. Amma ka ji da kyau, in abin nan ya sake ba ni haushi ko sau ɗaya, da hannuna zan sa a cire na'urar waifai ɗin daga bangon nan."

Na ce in ya ba shi haushi, a canza mini suna.

To, ku masu cewa soka waya ne, ku saurara. Suwic ɗin da ake saitawa yana da ramuka kamar kowanne, bambancin shi ne kai kake gaya wa kowane rami ɗakin da yake. Wannan na ofis ne, wancan na kyamara ne. Waya biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a akwati ɗaya, amma ba sa jin maganar juna, kamar maƙwabtan da suka yi faɗa a kan kwata. In kuma ana son ɗakuna da yawa su bi waya guda, sai a yi yadda ake yi a motar kasuwa: kowane buhu a rubuta masa shaida, in an isa tasha a raba, na wane ba ya shiga na wane. Rawuta kuma shi ne mai gadi. Shi kake rubuta wa doka: wanene zai fita intanet, wanene zai leƙa wani ɗaki, wanene za a ce wa koma.

Ranar Lahadi, ofis a rufe, na zo da kayana. Kafin in taɓa saiti sai da na bi kowace waya na gano inda ta dosa, don wanda ya ja su bai rubuta komai ba, Allah ya shirye shi. Na shiga silin na fito kamar wanda aka tono. Sannan na gina ɗakuna huɗu, kuma da Hausa na raɗa musu suna a cikin suwic ɗin, don in birge kaina. ZAURE na ma'aikata da baƙi, su fita intanet kawai, tare da ƙayyade musu gudu don kada mai kallon ƙwallo ya shaƙe ofis. CIKIN GIDA na kwamfutoci da firinta. RUMBU na kyamarori, na hana su fita waje ko ɗaya, ba mai ganinsu sai wanda yake cikin gida. Sai TURAKA, inda ake saita suwic ɗin kansa, wannan tawa ce ni kaɗai. Na'urar waifai ta bakin get na ba ta zaure tsantsa. Ta ofishin Alhaji a bene na ba ta cikin gida.

Ofishin nan abin kallo ne. Kafet mai nutsar da ƙafa, na'urar sanyaya ɗaki, da wata kujera mai juyawa wadda ko ledarta ba a cire ba. Na hau ta na juya, na buɗe laftof, kyamarori suka fito tar. Na sauka bakin get na gwada aika wa firinta takarda, ta yi kamar ba ta san ni ba. Na gwada leƙa kwamfutar Madam, ba hanya. Na gwada kyamara, ba shiga. Na kira matata ta bidiyo daga nan, hoto ya fito har ina ganin abin da ke cikin tukunya. Na ce wa kaina, Sabo, in ka mutu Kano ta yi asara.

Litinin da hantsi na zo karɓar yabo, da sabuwar shadda wadda guga ya sa take tsayuwa da kanta. Ma'aikatan da suka tashi daga aikin dare suna jere jikin katanga, Isuhu a tsakiyarsu ya riƙe waya da hannu biyu yana jiran ƙanensa. Alhaji yana kan bencinsa tare da wani babban ɗan kasuwa da ya zo sayen bokitai daga Gashuwa.

"Kada ka wahalar da ƙafarka," na ji Alhaji yana ce wa baƙon. "Daga nan zan nuna maka sitona, ka ga kayan da idonka."

Ya danna waya. Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya sake dannawa, zoben ya ci gaba da juyawa kamar yana neman alƙibla.

"Malam Sabo, ina sitona?"

Ni kuwa, saboda Allah ya yi ni da baki, na matso ina murmushi. "Ai aikin ke nan, ranka ya daɗe. Nan zaure ne. Ba a ganin rumbu daga zaure. Sai kun hau ofis."

"Ni zan hau ofis?"

"Can ne cikin gida, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ajiye wayar a kan darduma a hankali. "Malam Sabo, kai ɗan wane gari ne?"

"Na'ibawa, ranka ya daɗe."

"A Na'ibawa mai gida a cikin gida yake yini? Mahaifinka a ina yake karɓar mutane, a madafi? Zaure ai wurin mai gida ne. Ofishin can 'ya'yana ne suka matsa aka yi shi, rabona da hawa benen nan tun ranar da aka kawo kujera. Kai ka same ni a nan, ka yi mini bayanin filan ɗinka a nan, sannan ka je ka mayar da ni baƙo a kamfanina?"

Baƙon Gashuwa ya juya kai yana duban darbejiya, kafaɗarsa tana rawa. Ni kuma sai a lokacin ledar kujerar nan ta dawo mini a ido. Na hau ta, na ji tana ƙara a ƙarƙashina, amma ban tambayi kaina me ya sa ba.

Alhaji ya nuna na'urar da ke maƙale a bango. "A kawo tsani."

Mai gadi ya tafi ɗauko tsani. Isuhu ya duba wayarsa, ya dubi bangon. Ana cikin haka sai ga Madam Rahila ta sauko da fayil a hannu.

"Alhaji, ina kwana. Ni dai na zo in ce yau aiki yana gudu kamar an wanke kwamfutar da sabulu. Firinta ma ba ta haihu ba."

"Ke taki ta yi kyau, Rahila. Ni aka kulle a waje."

"To Alhaji, wanda ya iya kullewa ai ya iya buɗewa. Ku ba shi dama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin shayin nan ya huce."

Ya dubi kofin. "Ya fara hucewa."

Gyaran ba shi da wuya. Na'urar bakin get tana iya ɗaukar waifai biyu, ɗaya na zaure, ɗaya na mai gida, in dai ramin da take ciki an mayar da shi irin na motar kasuwa. Na buɗe laftof a nan bakin get zan shiga suwic, sai ya ce mini ba shiga. Dokar da na rubuta da hannuna ta kama ni, don ni ma a zaure nake. Na tattare shadda na nufi bene da gudu. Mutanen Sharada har yau suna cewa ranar an ji girgizar ƙasa. Na isa akwatin suwic ina haki, na zaro shuɗiyar wayar nan na soka, na canza ramin, na buɗe sabon waifai na sa masa suna MAI GIDA, na adana. Yatsana bai gama tashi daga madanni ba, wuta ta ɗauke.

Na tsaya a ɗakin ina jin janareta yana tari a ƙasa, ina sa wa Oga Bitrus albarka. Da wuta ta dawo, fitilun suwic suka kama ɗaya bayan ɗaya, komai yana nan yadda na bar shi.

Na sauko na tarar tsani ya jingina da bango, mai gadi ya ɗora ƙafa a matakin farko. Na roƙi wayar Alhaji na haɗa ta da sabon waifai ɗin. Zoben ya juya sau ɗaya, sai ga sito, bokitai jere har rufi, ja da kore da shuɗi. Alhaji ya miƙa wa baƙonsa ba tare da ya dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, ga lambar sirrin, amma kada ku ba kowa."

"Kada ka gaya mini ita," in ji shi. "Ni ban iya hana mutum abu ba. Kafin la'asar mai shayi ya samu."

Ya ɗaga wa mai gadi hannu, aka janye tsani. Tsanin bai kai inda ake ajiye shi ba wayar Isuhu ta yi ƙara. Ma'aikata suka rufu a kansa, kowa yana leƙe. Ga rumfa, ga dattawa a kan tabarmi, ga wata tsohuwa ta kawo jaririyar dab da waya har ba a ganin komai sai hanci. Alhaji ya ce a miƙo masa. Ya gaisa da mutanen Tasawa, ya yi addu'a Allah ya raya, ya tambayi suna aka ce Hadiza. Madam Rahila ta buɗe fayil ɗin nan nata, ashe ta ajiye ɗaya daga cikin hotunan, ta miƙa wa Isuhu. Yarinyar yanzu tana gudu da ƙafarta, amma a kamfanin ba mai kiranta sai da Hadiza Firinta.

Tun daga ranar, duk inda aka kira ni raba netwok, ba na fara buɗe jaka. Shayi nake saya in samu wuri in zauna, in ga wa yake zama a ina, wa yake yawo da waya, wace kujera ce ba a cire wa leda ba. Wannan ba a koyar da shi a kwas ɗinku.

Alhaji Mamuda kuwa ya zame mini alheri. Rabin kamfanonin da nake wa aiki yau ta hannunsa na same su, kuma bai canza mini suna ba, ko da yake yana da iko. Ba a daɗe ba ya ɗauke ni a motarsa zuwa Challawa, wurin wani amininsa mai kamfanin jima. A hanya na yi ta shirya yadda zan sunkuyar da kai in an fara yabona. Muka shiga, aka gaisa, Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Ga maginin da nake ba ka labari," in ji shi. "Aikinsa yana da kyau, katangarsa ko aljani ba ya tsallakawa. Sai dai kafin ya fara, ka kama hannunsa ka nuna masa inda kake zama."